Wa Ke da Iko da Karatun Ɗan Baroua?

Tun da gwamnati ta tsoma baki a maganar kuɗin makarantun pirive a 2025, ta ce a rage wa iyaye, muhawara ɗaya ce ke ta kai da komo a shafukanmu da fadojin shayi. Wani ɓangare na cewa ai wannan somin-taɓi ne, hukuma ta daure ta ƙarasa aikin: ta karɓe makarantun kuɗi, ta rufe na allo ko ta narkar da su cikin lakwal, a koma manhaja ɗaya, harshe ɗaya, ranar buɗewa ɗaya tun daga Tera har Ngigmi. Wai haka ake gina ƙasa. Ɗaya ɓangaren kuma, galibi masu yawan kallon bidiyon Amurkawa, cewa suke ina ruwan gwamnati da ɗana, ni na haife shi, in na ga dama in kai shi wurin alaramma, in na ga dama in koya masa a ɗakina.

Duka ɓangarorin biyu daga inda akwai wuta da famfo suke magana. Kowannensu in ya ce makaranta, abin da ke cikin kansa gini ne mai ƙofa da mai gadi a wata unguwa ta Yamai ko Maraɗi ko Damagaram. Ni so nake mu ɗauki maganar mu kai ta Baroua, mu ga wadda za ta iya tsayawa a can.

Ga wanda bai sani ba, Baroua gari ne a gundumar Bosso, can ƙarshen kwarin Komadugu inda kogin ke gangarawa Tafkin Chadi. Daga Yamai zuwa garin Diffa kaɗai kilomita ce fiye da 1,300, sannan a ƙara nausawa gabas. Ranar 6 ga Fabrairun 2015 Boko Haram ta afka wa Bosso da Diffa. Aka sa dokar ta-ɓaci, aka hana hawa babur, aka taƙaita kamun kifi da cinikin tattasai, wato sana'o'in da yankin ke ci da sha da su. Cikin wannan shekara mutanen Baroua suka watse. Zuwa watan Nuwamba, ofishin jinƙai na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce makarantu wajen 150 sun rufe a jihar, yara fiye da 12,000 na zaune babu aji.

Ba na ganin laifin malaman lakwal da suka gudu. Mutumin da ke koyar da boko a bakin kogin da masu cewa boko haramun ne ke tsallakowa da dare, ai shi ne na farko a jerin waɗanda ake nema. Gwamnati da ƙungiyoyin agaji ma sun yi bakin ƙoƙari daga baya, an ƙaurar da wasu makarantu, an kafa tantuna a bakin babbar hanya. Amma ku lura da wani abu. Lakwal tana buƙatar gini, da tebura, da albashin da ke fitowa daga Yamai, da takardar tura malami da wani babba zai sa wa hannu. In ɗaya ya tsinke sai sauran su zube. Makarantar allo kuwa mutum ɗaya ne da buzunsa, da alƙalamin kara, da tawadar gawayi da ƙaro. In an gudu da shi ake gudu. Duk wanda ya bi hanyar Kindjandi da Garin Wanzam a shekarun nan ya ga bukkokin 'yan gudun hijira jere a bakin kwalta, kuma in magariba ta yi ya ji ƙira'ar yara na tashi daga tsakaninsu. Babu ministan da ya ba da umarnin a buɗe waɗannan makarantu, babu wanda ya turo musu ko dala.

A watan Yunin 2021 gwamnati ta fara mayar da mutane garuruwansu, kuma da Baroua aka fara. Kusan mutum 6,000 suka koma, shugaba Mohamed Bazoum da kansa ya je garin. Wata biyu bayan komawar, a ƙarshen Agusta, aka kai wa garin hari da dare, sojoji 16 suka rasu. To yaron da ya bar Baroua yana ɗan shekara 6 ya dawo yana ɗan 12, shekarun firamare cur sun wuce a hanya. In akwai abin da ya iya karantawa, da wuya in ba a kan allo ya koya ba. Yanzu kuma sai wani ya zauna a Yamai da waya a hannu ya rubuta cewa a rufe wannan makaranta saboda ba ta da lasisi?

Kafin mu miƙa wa gwamnati abin da ba nata ba, mu fara duba yadda ta yi da wanda ke hannunta. A gwajin PASEC na 2014, wanda ake yi wa ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, ko yaro ɗaya cikin goma na 'yan ƙarshen firamare a Nijar bai kai matakin da ake buƙata a karatu ba. An ɗan matsa gaba a gwajin 2019, amma har a lokacin mafi yawa ba su kai ba. A 2017 ma'aikatar ilimin firamare ta yi wa malaman kwantiragi jarrabawa, wajen ɗaya cikin uku ne kawai suka samu rabin maki, kuma su ne mafi yawan masu tsayawa gaban yaranmu. A 2021, shekarar da aka koma Baroua, gobara ta ci azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas ta Yamai cikin Afrilu, yara wajen 20 suka ƙone. A Nuwamba ta sake ci a Maraɗi, yara fiye da 20 suka tafi. Waɗannan ba makarantun alaramma ba ne, ba na 'yan kasuwa ba ne, na hukuma ne. A lokacin gwamnati da bakinta ta ce akwai irin waɗannan azuzuwa wajen 36,000 a ƙasa.

Ban kawo wannan don cin fuskar kowa ba. Ƙasa ce mai ƙaramin aljihu da yara masu yawa, duk wanda aka ɗora a kujerar nan sai ya yi gumi. Abin da nake cewa shi ne, wanda kayan kansa suka rinjaye shi ba ya cewa a ƙaro masa na maƙwabci.

Akwai kuma tarihin da mu 'yan birni muke yawan mantawa. Karatu a kwarin Komadugu ya girmi Jamhuriyar Nijar, ya girmi zuwan Bature da ɗaruruwan shekaru. Birnin Gazargamu da Mai Ali Gaji ya kafa a ƙarni na 15 yana nan a tsallaken wannan kogi, a jihar Yobe ta yau, kuma har faɗuwarsa a 1808 cibiyar malamai ne da ake zuwa daga nesa. Tun ƙarni na 13 sarakunan Kanem suke da makaranta a Alƙahira don ɗalibansu. Tsangaya da gwani da muke faɗa da Hausa, 'yan uwan kalmomin Kanuri ne, sangaya da goni. Har gobe Bahaushe in ya ce yaro ya tafi gabas, an san karatun Alƙur'ani ya tafi nema.

Abin da ya fi jan hankalina a tarihin nan shi ne wata takarda da sarakunan Borno ke bai wa malamai, ana ce mata mahram. Sarki ya rubuta cewa wannan malami da zuriyarsa an ɗauke musu haraji, ba a fita da su yaƙi, dukiyarsu da jininsu haramun ne ga dogarai da hakimai. Ku duba fa, sarki ne mai dawaki da mashi, wanda ba ya jiran ƙuri'ar kowa, amma ya gane cewa amfanin malami gare shi yana cikin barin sa ya yi aikinsa. Ba na cewa zamanin aljanna ne, akwai bauta, akwai yaƙi, kuma malaman fada sun sha lanƙwasa magana don sarki ya ji daɗi. Amma dai yankin nan ya san wata hanya ta zama tsakanin mai mulki da mai koyarwa, wadda mai mulki ke kāre makaranta ba tare da ya zama shi ne mai ita ba.

Tunanin cewa ilimi na gaskiya shi ne wanda ya fito daga babban birni, da hatimi, da harshen hukuma, Faransa ce ta kawo mana shi. Abin mamaki, yau masu ihun a kori duk abin da ya shafi Faransa su ne suka fi riƙe da wannan gado nata. Ita kanta jamhuriyar ta daɗe da gane cewa hanya ɗaya ba za ta isa ba. Tun 1957 aka buɗe madarasa ta farko ta Faransanci da Larabci a Say. A 1973 aka fara gwajin koyar da yara da harshen gida a Damagaram. Dokar ilimi ta 1 ga Yunin 1998, wadda ake kira LOSEN, ta amince da makarantu masu zaman kansu da kuma ilimin da ba na aji ba. A takarda dai akwai fili.

Yanzu ga maganar da na san tana bakin wasunku, kuma ita ce hujja mafi nauyi. Za ku ce: kai da ke ba da misali da Baroua, wa ya kori mutanen Baroua? Ba almajiran wani malami ba ne da aka bari yana wa'azin da ya ga dama a Maiduguri har abin ya gagari kowa? Wannan tambaya ce ta gaskiya, kuma duk wanda ya yi mata dariya bai binne kowa ba. Muhammad Yusuf ya yi shekaru yana tara matasa a markaz ɗinsa kafin rikicin 2009. Abin da ya biyo baya mun gani: Buni Yadi da Chibok a 2014, matan da yaran Ngalewa da aka kwashe a 2017, Dapchi a 2018, Toumour a 2020.

Sai dai mu tuna abu biyu. Markaz ɗin Yusuf ba ɓoyayyen wuri ba ne, a tsakiyar birni yake, kasa-kasansa na yawo a kasuwa, hukuma ta sha kama shi tana saki. Ba rashin doka ko rashin iko ne ya bar shi ya girma ba. Na biyu, waɗanda suka fara tunkarar sa da hujja, gaba da gaba, malamai ne, ba jami'an ma'aikatar ilimi ba, kuma malamai da yawa sun biya da rayukansu a wannan rikici. Gonin da ke zaune a Baroua ko Toumour shi ma ɗan gudun hijira ne, shi ma an ƙona masa gida. In ka haɗa shi da wanda ya ƙona gidan ka kira su da suna ɗaya, ka yi wa 'yan ta'adda kyautar da suka daɗe suna nema, wato a nuna wa talaka cewa gwamnati gaba take da allonsa.

Wannan bai wanke makarantun allo ba fa. Mun san yaron da uba ya ɗora a mota yana ɗan shekara 7, ba guzuri ba waiwaye, ya wuni da roba a tashar mota. Mun san bulalar da ta wuce horo. Mun ga abin da aka tono a Rigasa ta Kaduna a 2019, mutum ɗaruruwa a kulle, wasu da mari a ƙafa, da sunan gyaran tarbiyya. Mun san yarinyar da ake cewa ta zauna a gida za a koya mata, alhali talla ce da aure ke jiran ta, duk da dokar 2017 da ta ce a kare karatun 'ya mace har shekara 16. A birni kuma mun san pirive ɗin da aka buɗe a gidan haya mai ɗaki huɗu, ana ba kowane yaro maki mai kyau don kada uba ya cire shi. Mai cewa "ɗana ne, ina ruwan kowa" ya manta cewa yaron mutum ne, ba akuyarsa ba ce. Zai girma ya nemi aiki, ya je asibiti a miƙo masa takarda, ya tsaya gaban alƙali. Haƙƙinsa ne ya iya karanta abin da ake sa shi dangwala wa hannu.

To in gwamnati ba za ta karɓe ba, kuma ba za ta kau da kai ba, mene ne aikinta? Ku je kasuwar Diffa ranar Talata. Hukuma ba ta noma tattasai, ba ta sayar da gero. Amma in wani ya bubbuge gindin tiyarsa yana tauye wa mutane awo, kowa ya san akwai wanda ya kamata ya kama shi. Ni a nan nake ganin gurbin gwamnati a harkar ilimi: ta riƙe tiya. Ta faɗi abin da kowane yaro ɗan shekara 12 a ƙasar nan ya wajaba ya iya, ko a ina ya yi karatu: ya karanta, ya rubuta, ya yi lissafin da ba za a cuce shi ba. Ta auna kowa da awo ɗaya, ɗan lakwal da ɗan pirive da ɗan tsangaya, ta kuma fito da sakamakon a fili, har da na makarantunta. Ta sa ido kan lafiyar yaro, ba duka mai rauni, ba mari, ba kwana a titi, ba aji mai kama wuta, ba wa'azin kisa. Wanda ya ƙetare wannan a hukunta shi, alaramma ne ko darakta. Abin da ya wuce haka, wane lokaci za a zauna, da wane harshe za a fara, a zaure ko a aji, a bar wa mutanen wurin.

Maƙwabtanmu sun gwada ɗaya hanyar, mun kuwa ga inda ta kai su. Gwamnatin tarayyar Najeriya a zamanin Goodluck Jonathan ta gina makarantun tsangaya na zamani guda 157, da fenti da gadaje. An tsara su daga Abuja, kuma da yawansu sun koma kango ko an mayar da su wani abu dabam, almajirai na nan inda suke. A 2020, lokacin korona, gwamnonin arewa suka shiga loda almajirai a motoci kowa na mayar wa ɗan uwansa nasa, kamar kayan da aka ƙi saye. Ko shekara ba a yi ba titunan suka sake cika.

Abin da ya yi aiki a wurinmu ya fi wannan ƙanƙanta da arha. Akwai azuzuwan da ake kira passerelle, wato gada. Ana ɗaukar yaro ɗan shekara 8 zuwa 12 da bai shiga lakwal ba ko ya fita, a yi masa wata 9, a fara da harshen gidansu kafin a shiga Faransanci, sannan a gwada shi a sa shi ajin da ya dace da shi. Me zai hana a kafa irin wannan gada a gefen kowace babbar tsangaya a Bosso da Toumour da Chetimari, da yardar goni, a sa'o'in da shi da iyaye suka zaɓa? Yaron da ya haddace izu goma, ya saba zama da allo tun asuba, ya iya rubuta baƙi da wasali, ba daga sifili zai fara ba. Mu ne dai muke rubuta shi a rajista a matsayin wanda bai yi karatu ba, don karatun nasa ba daga hagu yake farawa ba.

Kuma kada wani ya ce ƙasa za ta tsage in an bar manhaja fiye da ɗaya. A nan Diffa aka buɗe wa yaran Najeriya 'yan gudun hijira cibiyoyin karatu inda suke bin manhajar ƙasarsu da Ingilishi, suna rubuta jarrabawar ƙasarsu, hukumomin Nijar na sane. Sama ba ta faɗo ba. In an iya yi wa baƙo wannan sassauci, ban ga dalilin hana ɗan gida ba.

Dubi maganar kalanda. Ana buɗe makarantu a Oktoba a rufe a Yuni, daga Agadas har Gaya. A kwarin Komadugu kuwa lokacin ne kogi ke cika, wasu shekarun ya ɓalle ya ci unguwanni da gonaki kamar yadda ya yi a 2019 da 2022. Tsinkar tattasai kuma a tsakiyar shekarar karatu take faɗowa. Ba na kare sa yara aikin gona, amma gidan da abincinsa na shekara ke rataye da makonnin nan ba zai saurari insifekta ba, yaron zai ɓace daga aji, malami ya rubuta ba ya zuwa, shi ke nan an rasa shi. A 2024 da ambaliya ta game ƙasa, gwamnati ta ɗage buɗe makarantu zuwa 28 ga Oktoba, kowa ya ce an yi daidai. Ashe dai ana iya taɓa kalandar. Sai ruwa ya taɓa kowa ne ake tunawa?

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma dokokinmu ma sun taɓa yarda da haka. Akwai kwamitocin iyaye masu kula da makarantu tun shekarun 2000. A 2016 an sa hannu kan miƙa wa ƙananan hukumomi da jihohi wasu ayyuka, har da na ilimi, ko da yake kuɗin bai bi ayyukan yadda ya kamata ba. A Afrilun 2024 kuma aka rushe zaɓaɓɓun majalisun, aka naɗa kantomomi. Ko mene ne ra'ayinka kan wannan mataki, sakamakonsa a fili yake: uban da ke Baroua in yana da ƙorafi kan makarantar ɗansa, wanda zai kai wa ba shi ya zaɓe shi ba, kuma ba shi zai iya sauke shi ba.

Sai maganar harshe, kuma a nan da mu masu rubutu da Hausa nake. Kundin da aka ƙaddamar ranar 26 ga Maris 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Da yawanmu mun yi murna, ni ma ina son in ga ranar da za a rubuta takardar asibiti da harshen da tsohuwa za ta gane. Amma ɗan Baroua da Kanuri ya tashi. Maƙwabcinsa na tsibiri da Buduma, na daji da Fulatanci, ko Tubanci, ko Larabci. In aka ɗauke Faransanci aka aza Hausa a aji ɗaya na firamare, aka turo masa mushe daga yamma wanda ba ya jin ko sannu da Kanuri, yaron nan bai tsira daga komai ba, sabon bango kawai aka gina masa da tubalin gida. Hausa ta yaɗu har Komadugu ne ta hanyar kasuwa da zumunci, babu wanda ya ɗora wa kowa ita da bulala, shi ya sa ba a ƙin ta. Ranar da aka mai da ita sandar hukuma a aji, ranar za a fara jin haushinta. Yaro ya fara koyon karatu da harshen uwarsa, Hausa da sauran su biyo baya, ai zai same su.

Rage kuɗin pirive da ya tayar da muhawarar nan, na san ya sanyaya wa iyaye da yawa rai a birane, kuma akwai masu makarantun da suka mai da abin tatsa. Sai dai ina tsoron wanda zai biya ragin. Mai makaranta ba zai rage ribarsa da daɗin rai ba, malamin da dama ake biya ɗan abin da bai taka kara ya karya ba shi za a fara matsa, ko a cusa ƙarin yara a aji. Da an tilasta wa kowace makaranta ta manna sakamakon jarrabawarta na gaskiya a bakin ƙofa, da albashin da take biyan malamai, da iyaye da kansu sun yi maganin masu tsada ba aiki. Ko ma dai yaya ne, a Baroua babu wanda ragin ya shafa.

Masu kawo mana misalin waje kuma su riƙa kawo shi cikakke. Gaskiya ne a Amurka doka ta yarda mutum ya koyar da ɗansa a gida a dukan jihohi, kuma a Maris 2025 Donald Trump ya sa hannu kan umarnin neman rufe ma'aikatar ilimi ta tarayya. Amma can rigima ce tsakanin tarayya da jihohin da kowace ke da kuɗinta da makarantunta. A Jamus an hana karatun gida. Faransa ta yi doka a 2021 cewa sai da izini. Duk waɗannan ƙasashe ne da kujera ke jiran kowane yaro a aji, gardamarsu ita ce ko dole ne ya zauna a kanta. Mu kujerar ce babu. Karatun gida a wurinmu shi ne uwar da ke biya wa 'ya'yanta Fatiha kafin su kwanta, da malamar da ke tara matan aure a tsakar gida bayan azahar, da modibbon da ke bin ruga da allunansa a kan jaki.

Akwai wani abu ƙarami da ya fi duk wannan surutu tasiri a rayuwar yaron da muke magana a kai, kuma gwamnati kaɗai ke iya yin sa: takardar haihuwa. Ba ta, ba a rubuta jarrabawar BEPC, ko da yaro ya zo a matsayin mai zaman kansa, ko da ya fi kowa ƙoƙari. Yaran da aka haifa a bukka a bakin hanya tsakanin 2015 da 2021 da yawansu ba wanda ya rubuta su a ko'ina, wasu kuma takardun sun ƙone tare da gidajen. Yanzu haka manyan cikinsu sun kai shekarun gama firamare. Hanyar gyarawa sananniya ce, an sha yin ta: alƙali da magatakarda su je har gari su zauna, mai gari da shaidu su tabbatar, a ba yaro takardarsa. Waɗanda ke da 'yan uwa a ma'aikatar shari'a, da ɗaliban Jami'ar Diffa, da masu dubban mabiya a Facebook, ga tambayar da za ku riƙa yi har a gaji da ku: yaushe za a yi wannan zama a Baroua da ƙauyukan da ke kewaye da ita, yara nawa aka rubuta a zaman da ya wuce, kuma 'yan tsangaya na cikin lissafin ko sai waɗanda sunansu ke rajistar lakwal?